Tsakanin turmi da bayan cokali

Takardar ta iso gidan malamin ranar wata Alhamis da la'asar, a ninke cikin jakar ƙanwarsa, tare da katunan awon jarirai da ragowar goro. Shafi ɗaya ne tak, da Ingilishi, an sha kwafarsa a inji har baƙin ya fara koɗewa. Ƙanwar tasa ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin gidan likita da ke kudu da Maraɗi, kan hanyar da ke gangarawa Katsina. Wata abokiyar aikinta ta ƙetaren iyaka ce ta ba ta shafin, ita kuma ta yi sha'awarsa domin an tsara bayanin ciyar da ɗan wata shida a taƙaice, yadda za a iya karanta ma mata shi ranar awo ba tare da sun ƙosa ba. Abin da ya rage shi ne a juya shi zuwa Hausa. Ɗanta na fari, mai shirin jarrabawar BEPC, ya riga ya ɗauki wannan nauyi. Ya cika takardar da ya yago daga littafinsa da kyakkyawan rubutu, ya miƙa ma uwarsa yana jiran yabo. Da ta kai layi na huɗu sai ta tsaya cak. Yaron ya rubuta cewa uwa ta dafa kabewa ko wake ko dankali, sa'an nan ta tauna, ta ba jariri.

« Yaya, duba mini nan, » in ji ta. « Shekara goma sha biyar ina hana mata tauna ma yara abinci, yau kuma sai in tashi gabansu in ce Turawa sun ce a tauna? »

Malamin ya shekara ashirin da ɗoriya yana koyar da Ingilishi a kwaleji da lise, saboda haka bai daɗe ba ya gane inda yaron ya yi tuntuɓe. Kalmar ita ce « mash », harafi huɗu, gaɓa ɗaya. Duk ɗan makarantar da ya tashi da Faransanci tun firamare, in ya ji ta, kunnensa zai ja shi zuwa « mâche », daga « mâcher », wato tauna, domin a bakin Bamaraɗe furucinsu kusan ɗaya ne. Alhali kuwa babu dangantakar jini tsakaninsu. Ta Faransanci daga Latin ta gangaro, daga « masticare ». Ta Ingilishi kuwa ƴar gidan harsunan Jamus ce, ƴar'uwarta na nan da rai a Jamusanci ana ce mata « Maische ». Malaman Faransanci na kiran irin waɗannan kalmomi abokan ƙarya. Bahaushe ya riga su: kama da wane ba ta wane.

Damuwar ƙanwar tasa tana da tushe. Tauna ma jariri abinci tsohuwar al'ada ce a ƙasashe da dama, kuma tausayi ne ya haife ta, amma bakin babba na ɗauke da abin da jikin ɗan wata shida bai shirya ma ba. A 2009 wasu likitoci a Amurka sun ba da rahoton yara ukku da suka kamu da ƙwayar cutar sida, inda aka danganta kamuwar da abincin da manya suka tauna musu.

Ya yi dariya irin ta wanda ya san aikinsa, ya miƙa mata biro.

« Soke tauna, ki sa daka. »

« Daka? Yaya, ka taɓa ganin an daka ayaba? In na ce su daka dafaffar kabewa, turmin da aka daka barkono jiya za su jawo. »

« To, niƙa. »

« Sai su aiki yaro inji. »

« Dama fa? »

« Wannan na fi tsoro duka. »

Nan dariyar ta tsaya. Ta bayyana mashi abin da shi bai taɓa tunani a kai ba: dama kalma ce mai kiran ruwa. Wadda aka ce ta dama, za ta tsinka abin har ya zama abin sha, kuma babbar matsalar da take fama da ita a ƙauyukan ke nan. Cikin ɗan wata shida bai wuce ƙaramin kofi ba. In aka cika shi da tsararon kunu, yaro zai ƙoshi, ya yi barci, uwa ta yi murna, ma'auni kuwa ya ƙi motsi wata bayan wata. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawarar nono zalla har wata shida. Daga nan a fara ƙara abinci sau biyu zuwa ukku a yini har wata takwas, sau ukku zuwa huɗu bayan haka, ana ci gaba da shayarwa. Kuma ana son abincin ya yi kaurin da zai tsaya a kan cokali. Ita da take ƴar makaranta a 2005 ta ga layin mata a Maraɗi da yara saɓe a kafaɗa, shekarar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar, ba ta ɗaukar kaurin kunu abin wasa. Ta ce ranar awo Talata ce. Ta bar mashi takardar, ta tafi neman mota.

Da dare ya zauna ya fara jera abin da Hausa ke da shi, sai ya tarar yawa ne ya yi mashi yawa. An ce in ba ka san gari ba, saurari daka. Kuma wanda ya saurara da kyau zai ji cewa ba daka ɗaya ake yi ba. Gero tun yana zangarniya ana sussuka shi a raba tsaba da kan. A sheƙe. A yayyafa ruwa a surfa, dussa ta fita, a bakace, a wanke. Sa'an nan ne ake daka na gaskiya, wanda ƴammata biyu ko ukku ke yi da lugude, taɓarya na tashi taɓarya na sauka ba su karo. A tankaɗe, gari ya wuce, tsaki ya rage. In an dafa dunƙulen fura aka mayar da su turmi, an bar faɗin daka, an koma kirɓi, kamar yadda ake kirɓa sakwara, domin abin ya jiƙa ya yi danƙo. Niƙa ta dutse ce ko ta inji. In ba a so ya yi laushi sai a ce ɓarza. In da ruwa ne, kamar tumatir ko waken ƙosai, sai a ce markaɗe. Attaruhu da albasa jajjaga su ake yi. Citta da ƙashi dandaƙa su ake yi. Tuwo tuƙa shi ake yi da muciya, miya a burga ta da maburgi, fura a dama ta da ludayi. Kowace kalma ta zo da kayan aikinta a hannu, ta zo da matakinta cikin aikin, har da yawan ruwan da ke cikin abin. Mace in ta ji kalmar, ta riga ta san abin da za ta ɗauko daga ɗaki.

Ingilishi ma ba matalauci ba ne a nan. Yana da « grind » ta niƙa, da « pound » ta daka, da « crush » ta murƙushewa. Sai dai « mash » ba ruwanta da kayan aiki. Ba ta ce turmi ba, ba ta ce dutse ba, ba ta ce hannu ba. Abin da ta kama kawai shi ne yadda abin zai kasance a ƙarshe: mai laushi, mai damshi, ya haɗe jiki ɗaya, ya wuce a kira shi gutsattsari, bai kai a sha shi ba. Wato Bature ya sa ma makoma suna, Bahaushe ya sa ma hanyoyi. Malamin ya ga kamar akwai dalili na tarihi a ciki. Ingila ta daɗe da fitar da niƙan hatsi daga tsakar gida: babban littafin ƙidayar dukiya da Sarki Wiliyam ya sa aka rubuta a 1086 ya lissafa injinan niƙa masu aiki da ruwa fiye da 5,000. Ƙasar da ta yi shekara ɗari tara matanta na karɓar gari a buhu, ba za a yi tsammanin ta riƙe ma kowane bugun taɓarya sunansa ba.

Abin da ya fi ba shi mamaki, da ya bi sawun kalmar baya, shi ne ba wurin girki aka haife ta ba. A gidan masu dafa giya ta fara, shekara dubu ko fiye da suka wuce. Ana jiƙa sha'ir har ya tsira, a busar, a ɓarza, a zuba mashi ruwan zafi na wajen digiri 65, a bar shi kamar awa ɗaya. Cikin tsiron akwai sinadarin da ke narkar da sitaci ya mai da shi sukari. Wannan jiƙaƙƙen ɓarzajjen hatsi shi ne « mash » na asali, kuma har yau sunansa ke nan a masana'antun giya na Ingila da na barasar masara a jihohin Kentaki da Tenesi na Amurka. Malamin, wanda giya ba ta taɓa shiga bakinsa ba, ya gane aikin nan take, domin ya sha ganinsa a tsakar gida: mai kunun zaƙi da ke zuba ɗan niƙaƙƙen tsiro ko busasshen dankali cikin kunu mai kauri, ta rufe, da safe ta tarar ya saki ya yi zaƙi, ita ma wannan sinadari ta sa aiki. Har masana abincin yara sun yi amfani da dabarar a wasu ƙasashen Afirka: ɗan garin tsiro na sassauta kunu mai kauri ba tare da an ƙara ruwa ba, yaro ya iya haɗiya, ƙarfin abincin kuwa yana nan. Ashe mafi tsufan ma'anar kalmar na da abin cewa game da takardar ƙanwarsa, ko da ba ta ba shi fassarar da yake nema ba.

Daga tukunyar giya kalmar ta koma barga. Dussar alkama da aka kwaɓa da ruwan zafi aka ba doki mai gajiya ko marar lafiya, ita ma « mash » ce, abin da duk wanda ya taɓa kiwon doki da dussa da kanwa zai gane. Ta wannan ƙofa ce kalmar ta shigo Maraɗi tun kafin takardar jariran, malamin bai lura ba. Ranar Juma'a bayan masallaci ya bi ta gaban wani shagon abincin kaji, sai ga ta a jikin buhunan da ake kawowa daga Najeriya: « chick mash » na ƴan tsaki, « grower mash » na masu tasowa, « layer mash » na masu ƙwai. Busasshen gari ne na masara da waken soya da dussa da ƙashi, babu ɗigon ruwa a ciki. Damshin ya ɓace a hanya, sunan ya tsaya. Mai shagon bai taɓa zama aji ba, amma yana furta kalmar sau talatin a yini, kuma bai taɓa zaton ana tauna wani abu ba.

Sai dai in aka tare Baturen Ingila a titi aka ce mashi « mash », ba giya ba doki ba kaza. Dankalin turawa zai gani a faranti. Dankalin nan baƙo ne a wurinsu: daga tsaunukan Andis na Kudancin Amurka Sifaniyawa suka kawo shi Turai a ƙarni na 16, ya daɗe kuma mutane na ƙyamarsa. A Faransa sai da Parmentier, mai haɗa magunguna na soja da ya rayu a kansa lokacin da yake fursunan yaƙi a hannun Furusawa, ya yi ta fafutuka kafin a 1772 makarantar likitanci ta Paris ta yarda abinci ne na mutane. A Ingila kuwa tun 1747 littafin girki na Hannah Glasse ya kawo yadda ake dafa shi a murƙushe da madara da man shanu. Daga nan ya zama tuwon ƙasar, in ana iya faɗin haka. Akwai « bangers and mash », wato shi da tsiran-alade da romon albasa, abincin gida da na mashaya. Akwai « pie and mash » na talakawan gabashin Landan, ƴan dako da ma'aikatan tashar jiragen ruwa: nama a cikin ɓawon fulawa, da dankalin a gefe, da koren romo na ganyen fasili, sau da yawa tare da wani dogon kifi mai siffar maciji da a da ake kamawa a kogin Tems. Shagon iyalin Manze, ƴan asalin Italiya, da ke titin Tower Bridge tun 1902, yana cikin mafi tsufa. Akwai ma kayan aikin da aka ƙera domin wannan kaɗai, ƙarfe mai mariƙi da faffaɗan ƙasa mai huji, ana danna shi cikin tukunya. Faransawa kuwa sun bi ta wata hanya: « purée » suke cewa, daga kalmar tacewa, kuma tasu ta fi santsi, domin sukan bi da ita ta rariya. Wanda ya ci duka biyu ya san bambancin. Ta Ingila na yafe ma ɗan gudaji, ta Faransa ba ta yafewa.

Wata ma'anar ta faranta mashi rai fiye da sauran. A arewacin Ingila da tsakiyarta, wajen Yokshaya da Notingam, in an zuba ruwan zafi kan ganyen shayi aka bar shi ya jiƙu, sai a ce ana « mash » ɗin shayi. Ba a murƙushe kome ba, ba a danna kome ba. Tsohuwar ma'anar gidan giya ce ta ɓuya cikin butar shayi ta rayu: ruwan zafi, da haƙurin jira.

Bayan wannan kalmar ta bar abinci ta shiga mutane, kuma a nan ta yi ta yawo. A Amurka da Ingila na ƙarshen ƙarni na 19, « masher » shi ne ɗan kwalisar da ke tsayawa ƙofar gidan wasa yana damun mata da kalaman so. A kudancin Amurka har yau akwai masu cewa a « mash » maɓalli inda sauran ƙasar ke cewa a danna. A Jamaika tana nufin taka, kamar yadda take a Turancin kasuwa na gaɓar Afirka ta Yamma, inda ake taka ƙafar mutum ko birkin mota da ita; « mash up » kuwa a can ragargazawa ce, ta mota ko ta aure, amma mawaƙin da ya tashi taro tsaye shi ma an ce ya yi haka da wurin, yabo ke nan. Ƴan Karibiyan da suka fara kwarara Ingila daga 1948 sun kai wannan salo unguwannin Landan, ƴaƴan Turawa suka ɗauka. A Gana ana murtsuke dokunu cikin ruwan sanyi da sukari da madara da gyaɗa, a kira shi « mashed kenkey ». Bahaushen Kumasi da ya ga ana yi zai ce fura ake damawa. A farkon wannan ƙarni sai ga « mash-up », haɗa waƙoƙi biyu na mutane daban su zama ɗaya; wanda ya fi tashe shi ne na Danger Mouse a 2004, da ya ɗora muryar Jay-Z kan kiɗan Beatles har kamfanin da ke da haƙƙin kiɗan ya nemi a hana yaɗa shi. Masu kwamfuta suka ari sunan suka ba shafin intanet da ke haɗa bayanan wurare biyu, kamar taswira da jerin gidajen haya. Akwai kuma wata mai shigar burtu: MASH ta asibitin tafi-da-gidanka na sojan Amurka a yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953, wadda wasan talabijin na 1972 zuwa 1983 ya sa ta yi suna. Wannan haruffan farko ne na kalmomi huɗu aka harhaɗa, ba ta haɗa kome da dankali ba.

Ranar Asabar da dare malamin ya san tarihin kalmar fiye da yawancin masu ita, layi na huɗu kuwa yana nan babu kome. Wannan ciwo ne sananne ga masu ƙamus: a san inda kalma ta kwana shekara dubu, a kasa ba ta masauki na dare ɗaya.

Lahadi da hantsi ya tafi gidansu cikin tsohuwar unguwa. Ya tarar da mahaifiyarsa zaune kan tabarma, jikanyarta na hura wuta. Shi ne ɗan fari, saboda haka ba ta kama sunansa, ba ta kuma cika dubansa ido cikin ido ba. Bayan gaisuwa ya faɗi abin da ya kawo shi.

« Ikon Allah, » in ji ta, tana magana da jikanyar kamar ba ya wurin. « Wanda gwamnati ke biya ya koya ma ƴaƴan mutane magana, shi ne ya zo nan bara. »

Ta sa aka tsamo yankan kabewa daga tukunya aka sa a ƙwarya. Ta ɗauki cokali ta juya bayansa, ta riƙa danna kabewar a jikin ƙwaryar tana jawowa, sau biyar ko shida, har ta zama jiki ɗaya.

« Inna, me kika yi yanzu? »

« Latse ta na yi. Ba ka da ido? »

Ta ɗebo dafaffen wake, ta sa tsakanin yatsu tana murzawa, ɓawon na fita tana yarwa.

« Wannan fa? »

« Murtsuke shi na yi. Wake ba ya jin cokali sai an raba shi da rigarsa. »

Ta haɗa su, ta ɗiga man gyaɗa, ta barbaɗa garin ƙuli-ƙuli, ta juya. Cikin ƴan mintoci aiki ɗaya na Bature ya zama biyu a hannunta, da ta ɗauko maburgi da ya zama ukku. Ya tambaye ta ko za a ƙara ruwa. Ta ɗebo da cokalin, ta karkata shi. Abin ya tsaya, sai can ya faɗo dunƙule guda. Ta ce haka ake so, wanda ya zubo kamar fitsari ba ya riƙe ciki. Malamin ya ji daɗi har ya fara gaya mata cewa manyan likitocin duniya ma haka suka ce. Ba ta nuna abin ya dame ta ba. Da ya kai ga labarin jikanta da kalmar tauna kuwa, sai ta ajiye cokalin.

« To mene ne laifin yaron? Wanda ke tsaye nan ma taunawa na yi mashi, nama da gyaɗa duka. Ga shi nan har da furfura. »

Bai amsa ba. Ya san abin da ƙanwarsa za ta ce, kuma ya san tana da gaskiya. Ya kuma san cewa ranar Talata mata talatin za su zauna gabanta, kowace da irin wannan tsohuwa a gida, mai hujja a tsaye da furfura. Takarda ba za ta ci wannan gardama da kalma ɗaya ba, ko da an samo kalmar.

Wannan ne ya sauya mashi dabara. Ya bar neman kalmar da za ta zauna daidai kan kujerar « mash », ya rubuta abin da ya gani a ƙwaryar: a dafa abincin har ya yi lugub, a latse shi da bayan cokali mai tsabta har gudaji su ɓace, kada a tsinka shi da ruwa, a bar shi da kaurin da in an karkata cokali ba zai zube ba, kada a tauna ma yaro. Harafi huɗu sun zama layi huɗu. A ajin fassara da ya rage ma ɗalibi maki saboda tsawaitawa. Ya lura kuma da cewa jimlar ƙarshe babu ita a takardar Ingilishi sam. Kuskuren yaron ne ya haife ta, kuma mai yiwuwa ita ce aka fi bukata.

Irin wannan aiki zai ƙaru. Kundin da aka zartar a Yamai a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Takardu da yawa za su nemi ƙetarawa daga Ingilishi zuwa Hausa kai tsaye, a hannun mutanen da kunnensu ya saba bi ta gadar Faransanci, kuma gadar na da ramuka irin wanda yaron ya faɗa.

Litinin da yamma yaron ya zo karɓar takardar, fuska a murtuke, domin uwarsa ta riga ta ba ƴan gida labari. Malamin ya zaunar da shi ya zana mashi kalmomin biyu, kowace da zuriyarta, ɗaya daga Roma ɗaya daga Jamus. Yaron ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce:

« Kawu, jaririn ba ya da haƙori, shi ya sa ake latse mashi, ko? Ke nan cokalin tauna yake yi. Ai ban yi nisa ba. »

Kawun ya yi shiru, domin maganar ta fi duk abin da ya karanta cikin kwana huɗu kusa da zuciyar kalmar. Ya ce mashi haka ne, bai yi nisa ba, amma in ya rubuta haka ranar jarrabawa sifiri zai samu, kuma in uwarsa ta karanta haka ranar awo abin da za a samu ya fi sifiri muni.

Ƙanwar ta dawo ranar Alhamis ta gaba. Takardar ta yi laushi don ninki, kuma an ƙara mata rubutu da jan biro. Wata mata ta tambaya, in babu cokali fa, gidansu cokali ɗaya ne kuma na maigida ne. Saboda haka a saman « latse » ta ƙara cewa ko a wanke hannu da sabulu a murtsuke da yatsu. Wata kuma ta ce a wajensu ba a cewa lugub, tuɓus ake cewa, sai ta rubuta duka biyu. Da aka zo kan tauna an yi ta dariya, wata tsohuwa da ta rako surukarta ta tashi ta fita, ta dawo bayan an gama don a auna jikanta.

Malamin na shirin miƙa mata takardar sai ta zaro wata daga jaka. Abokiyar aikin ta aiko da shafi na biyu, na ƴan wata takwas zuwa shekara, lokacin da yaro ke fara ɗaukar abinci da kansa. A layin farko akwai « finger foods ». Yaron ya riga ya fassara, da kyakkyawan rubutunsa: abincin yatsu.

« Talata, Yaya, » in ji ta.